Ƙulli Ɗaya Arewa, Ƙulli Biyu Kudu

Ranar sunan ɗan Hadiza na ji Mamman da kunnena yana ba abokansa labari a zaure, yana bugun ƙirji, wai ubansa ne ya taɓa kada jam'iyya sukutum da waya biyu. Aka kwashe da dariya, wani har yana rantsuwa ba a taɓa yin mai wayon Sani Kilinyota ba a duk Gazawa. Ina cikin gida ina jin su. To ku matso, kai Mamman da ke Hadiza da ƙannenku, in gaya muku yadda aka yi. Na faɗa da baki shekara da shekaru ba wanda ya yarda, wataƙila in kun gan shi a takarda ku yarda. Ubanku bai kada kowa ba. Shirme ya tafka, irin wanda ake rufe ƙofa kafin a ba da labarinsa, sannan ya ɗora masa abin da ya fi shirmen muni. Wanda abin ya faɗo wa a ka kuwa shi ne Baffanku Hamza, Allah ya jiƙansa.

A shekarar da aka buɗe siyasa ne, lokacin da aka ce kowa ya kafa jam'iyyarsa, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Kai, mun kuwa faɗa! Mutumin da bai taɓa ɗaga ido gaban jandarma ba sai ga shi a teburin mai shayi yana sauke minista yana naɗa wani. Ni ina sahun gaba, don Allah ya yi ni da baki. Sana'ata kun san ta, wutar mota: fitilun gaba, na baya, na birki, da kilinyota, wato fitilar nan mai ƙyaftawa da ke gaya wa na bayanka inda za ka karkata. Wurin aikina ƙofar gida ne, gindin bedin nan, wato darbejiyar da kuka sani. Gida ɗaya muke da Yaya Hamza, shi da iyalinsa a sashen gabas, ni da uwarku Rabi a na yamma, Inna a tsakiya tana mulki. Tun rasuwar mahaifinmu Inna ta kafa doka: tuwon mazan gida biyu akushi ɗaya za a zuba shi, su ci tare a zaure. Mata su yi faɗansu, yara su yi nasu, amma akushi ɗaya ne. Yaya ya girme ni da shekara shida, shi ya goye ni, shi ya kai ni Maradi koyon wuta bayan lakol, wato makarantar boko, ta gagare ni. Mutum ne da in ya ce maka "to" da safe, ya gama maganar wannan rana. Ni ke surutu a kan akushin, shi kuwa yana turo naman gefena da ɗan yatsa kamar bai san yana yi ba.

Direba ne, yana jan wata tsohuwar bashe mai rumfar tamfol a baya, ta Alhaji Mati mai sayen wake da aya. Motar ta girmi aurena nesa ba kusa ba. Injinta lafiya lau, don Yaya lallaɓa ta yake kamar jaririya, amma wutarta ta baya abin kuka ce. Duk makaniken da ke tsakanin nan da iyaka ya taɓa sa mata hannu, wannan ya murɗa waya ya naɗe da leda, wancan ya ɗaure da zare, ɓeraye kuma sun ɗebi rabonsu. In ka taka birki sai kilinyota ta kama. In ka sa kilinyota sai fitilar lamba ta shiga rawa. Ran da aka yi ruwa, in ka taka birki da ƙarfi har ham take yi. Yaya ya daɗe da fid da rai, hannu yake miƙawa ta taga in zai karkata, kuma bai taɓa buge ko kaza ba.

Sai Alhaji Mati ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa. Abokin karawarsa Mushe Garba ne, tsohon malamin lakol (Mushe muke ce wa malaman lakol), wanda ya koya wa rabin garin nan karatu da bulala. Ni ba ni da katin kowa, wanda ya saya mini shayi shi nake yabo har kofin ya ƙare. Wata Laraba da yamma Yaya ya kawo motar gindin bedi ya kashe, ya fito yana goge hannu.

"Sani, Alhaji ya ce a sake mata wuta gaba ɗaya. Asabar akwai mitin ɗin jam'iyya a Garin Tanko."

"Yaya, wannan ai sai dai a sake haihuwarta."

"Sake ta. Kuma ya ce kilinyota ta riƙa kamawa ko an cire makulli."

Wannan ya ba ni mamaki, sai da na yi ta jan bakinsa kafin ya yi mini bayani. A hanyar Gangara akwai wata mararraba cikin rairayi, in ka yi hagu Garin Tanko, in ka yi dama Gidan Bawa. Alhaji ya ɗauko kamyo uku, manyan motocin kaya, daga Maradi, direbobinsu ba su san dajinmu ba. Shirin shi ne a ajiye bashe a bakin mararrabar, kilinyotar hagu na ƙyaftawa, duk wanda ya taho daga baya ya gani ya bi. Na ce me zai hana a tsayar da mutum ya nuna da hannu? Yaya ya ce ya faɗa, Alhaji ya ce jam'iyyarsa ta ci gaba ce, ba za a ga mutuminsa a hanya yana ɗaga hannu kamar mai korar tsuntsu a gona ba.

Alhamis da sassafe na kama aiki. Na yanke tsofaffin wayoyin duka, na tara su suka kusa cika kwando. Matsalata ɗaya ce, wayar da nake da ita naɗi guda ce da na sayo a ƙetaren iyaka, baƙa wuluk daga farko har ƙarshe. Waɗanda suka ƙera motar kowace waya sun ba ta launinta, ni kuwa launina ƙulli ne. Ta fitilun baya ba ƙulli, ta birki ƙulli uku. Saura biyu na kilinyota, to nan fa nake son ku buɗe kunne. Ku yaran yanzu kun saba da hagu da dama, lakol ta cusa muku. Mu da muka tashi a gona, in mutum yana son ka miƙo masa ƙwarya, cewa zai yi tana kudu da kai. Ko ƙuda ya sauka maka, Inna cewa take kore shi daga kunnenka na arewa. Ga shi kuma in kana kwance rigingine ƙarƙashin mota, kanka a juye, hagunka daban na motar daban, amma arewa tana nan inda Allah ya ajiye ta. Shi ya sa nake aiki da ita, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Motar tana kallon gabas, hancinta cikin inuwar bedi, ke nan hagunta arewa, damanta kudu. Na yi ƙulli ɗaya na ce arewa, na yi ƙulli biyu na ce kudu. Na gama gaba tsaf, na ja wayoyin ta ƙarƙashi har gindin motar na bar su suna reto, na wanke hannu na tafi sallar azahar.

Da na dawo kai tsaye daga masallaci da ba ku karanta wannan takarda ba. Sai na ratse teburin mai shayi, na iske ana gardama a kan ko a dimokuradiyya mai gari ma sai an jefa masa ƙuri'a. Haba, ina zan wuce wannan? Na shiga da ƙafa biyu. Wani tela ya tsaya mini a wuya, duk abin da na kawo sai ya ce a rediyo ba haka aka faɗa ba, har la'asar ta kusa muna abu ɗaya. Na taho gida kaina na hayaƙi, ina ta jera a raina amsoshin da ya kamata in ba shi. Na iske gindin motar cif a kan tabarmata, cikin inuwa, kayan aikina a gefe. Wallahi da idona na gani. Ban tambayi kaina yadda aka yi gindin mota ya zo inda na bar hancinta ba. Na ce madalla da inuwa, na shige ƙarƙashi ina ci gaba da kada telan a zuciyata. Na kama mai ƙulli ɗaya, na dubi inda arewa take, na ɗaura ta a fitilar da ke can. Mai ƙulli biyu na kai ta kudu. Na kankare ƙarfe har ya yi fari na ɗaure mas, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota, wadda rashinta ke sa fitilu hauka. Kowace mahaɗa na naɗe ta da robar cikin taya. Aiki dai ya yi kyau, har na tsaya ina kallonsa ina yaba kaina.

Mai gwada mini wuta kullum uwarku ce. Na ƙwala mata kira ta fito da muciya a hannu, ta tsaya bayan motar, ni kuma na cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, ina taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Rabi, na baya fa?"

"Sun kama, jajaye biyu."

Na danna birki da hannu. "Yanzu fa?"

"Sun ƙara haske. Kai, yau motar Yaya ta koma amarya."

Na taɓa mai ƙulli ɗaya. "Wacce ke ƙyaftawa?"

"Ta arewa."

Na taɓa mai ƙulli biyu. "Yanzu fa?"

"Ta kudu. Malam, in tafi? Tuwona zai kama."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da nake son ji ke nan. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Motar ce kawai yanzu take kallon yamma, arewa ta koma hannun damanta. Ke nan in direba ya sa hagu, fitilar gaba ta ce hagu, ta baya ta ce dama. Juma'a Yaya ya wuni yana yawo da ita cikin gari yana ɗibar kujeru da tabarmi, ba wanda ya lura, don da hannu ya yi ta nuna hanya yadda ya saba.

Ranar Asabar ba ni wurin, amma na ji labarin daga baki ya fi ɗari, kuma duk sun dace. Da hantsi Yaya ya ajiye bashe a mararraba, ya sa hagu, ya zagaya gaba ya ga ta hagu na ƙyaftawa. Ya roƙi wani dattijon Bafillace da ke kiwo a wurin ya sa masa ido a kanta, shi kuma ya shiga ƙaramar motar Alhaji don ya nuna musu hanyar Garin Tanko. Can sai ga kamyo na farko, ɗauke da makaɗa da maroƙa da amsa-kuwwa. Direban ya ga fitilar baya sabuwa fil tana cewa dama, ya yi dama. Na biyu, cike da mata masu anko, kowacce da fuskar Alhaji a zaninta, ya bi shi. Na uku, wanda ya fi kowanne daraja, mai tukwanen shinkafa da naman bijimi, shi ma ya bi.

Ashe a ranar Mushe Garba ma yana nasa mitin a Gidan Bawa, gindin wani gawo, shi da ƴan tsirarun mutane da jakai biyu da inuwa ta kawo, muryarsa har ta dushe. Kamyon farko na isa bakin garin ya kafe cikin rairayi, ya tare wa sauran wurin juyawa. Mutanen gari suka ga manyan motoci uku, suka ce ashe Mushe ɓoye arzikinsa yake, suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Aka ce a rage wa motoci nauyi don a tura su, kuma wani mai hankali ya ba da shawarar a fara da tukwane. To tukunya in ta sauka ƙasa gaban jama'a da rana tsaka, ai kun san sauran. Sarkin makaɗan ya duba ya ga taro ya haɗu, ciki ya cika, ya ce shi bai zo daga Maradi don ya koma da ganga a sanyaye ba. Waƙar da ya shirya wa Alhaji ya ɗauko, duk inda akwai Mati ya cire ya sa Garba. Matan anko suka yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya wata ta cire mayafi ta faɗa fili, sauran suka bi. Fuskar Alhaji Mati ta wuni tana rawa a mitin ɗin Mushe Garba. Shi kuwa Mushe ya hau kamyo ya karɓi amsa-kuwwa, ya gode wa abokin karawarsa, ya ce wannan ita ce dimokuradiyyar da ake faɗa.

A Garin Tanko kuwa, tun jajibiri an aika kada kowa ya ɗora tukunya, Alhaji zai ciyar da gari. Yana zaune cikin babbar riga a ƙarƙashin rumfa, kowane ɗan lokaci ya miƙe ya ce yanzun nan za su iso. Yara suka fara kuka, mata suka fara zamewa, tsofaffi suka bi su. Da la'asar sakaliya ya rage daga shi sai Yaya sai mai gari, shi ma don kujerarsa ce aka ara. Suka komo mararraba suka iske bashe tana nan tana ƙyafta ido da aminci. Alhaji ya daka wa dattijon nan tsawa, ya ce yana gani motoci suka ɓace bai yi magana ba?

Bafillacen ya ce, "Ni dai na ga idonta na gaba yana nuna gabas, na baya yana nuna yamma. Na ce ko haka motocin siyasa suke."

Kafin magariba labari ya iso Gazawa. Ina ji na fita na tsaya gindin bedi. Ga sawun taya nan a ƙasa, ya yi baka, inda aka tura motar aka juya ta. Kwana biyu ina taka shi ban gani ba. Uwarku ta biyo ni tana cewa, "Malam, ai ranar nan da ka tafi masallaci an juya motar, ba ka..." Na ce ta rufe mini baki. Ban tambayi wanda ya juya ta ba, ban so in ji. Amma na kwana da niyyar gari na wayewa in tafi gidan Alhaji in ce kuskurena ne, ya zage ni iyakar son ransa. Ku riƙe wannan, niyyar ta gaskiya ce, sai dai ba ta kai hantsi ba.

Da safe ina sa takalmi sai na ji kiɗa. Mutanen Mushe Garba ne, sun cika ƙofar gida, kafin in ce wani abu sun ɗaga ni sama kamar buhun gero. "Sani Kilinyota! Injiniya! Mai waya biyu!" A ranar aka raɗa mini sunan. Suka dire ni gaban Mushe da kansa. Ku sani, wannan mutumin shi ya kore ni daga aji uku, ya ce wa mahaifinmu kaina kabewa ce, a kai ni gona. Sai ga shi ya kama hannuna da hannu biyu, gaban jama'a, yana cewa ya koyar da yara ba iyaka amma bai taɓa ganin basira irin tawa ba. Ƴaƴana, ban taɓa shan abin da ya kai wannan magana zaƙi ba. Ina cikin lasar ta na hangi Yaya tsaye a ƙofar zaure, hularsa a hannu. Ya tako har gabana, kiɗa ya tsaya.

"Sani, da gangan ka yi, ko kuskure ne?"

Na dubi Mushe, na dubi mutane, har telan nan yana ciki ya buɗe baki yana jira. In na ce kuskure ne, na zama mai gyaran wutar da bai san hancin mota da gindinta ba, ko cocila ba mai sake kawo mini, kuma kabewar Mushe ta tabbata. Sai na yi wani ɗan murmushi, Allah ya isa tsakanina da wannan murmushi, na ce:

"Yaya, ai siyasa ce."

Wuri ya ɓarke da ihu. Yaya ya dube ni, ya ce, "To." Ya sa hularsa ya koma ciki.

A ranar Alhaji ya aiko aka karɓi makullin motar. Ya ce mutanen da ke cin tuwo a akushi ɗaya ba za a ce ɗaya ya ƙulla abu ɗayan bai sani ba. Magana ta bazu cewa Hamza direba ya sayar da ubangidansa, kuma ba mai mota, ko na wace jam'iyya, da zai ba irin wannan direba makulli. Da aka kawo tuwo zaure na zauna ina jira, sai matar Yaya ta leƙo ta ce ya ce a zuba masa nasa a kwano, zai ci a ciki. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Abin da ta yi shi ne ta hana a rage tuwon. Kullum akushi cike, na maza biyu, ta sa a dire mini, ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta.

"Cinye, mai wayo. Ba a mayar mini da tuwo."

Haka na yi wata huɗu ina fama da tuwon mutum biyu. Na yi ƙiba, mutane na cewa siyasa ta karɓe ni. Naman kuwa yana can gefen Yaya inda aka saba sa shi, ba mai turo shi, ni kuma hannuna ya kasa ƙetarawa. Aiki ya yi mini yawa, duk motocin mutanen Mushe wurina ake kawo su, ko da yake kowa in na gama sai ya zagaya baya da kansa ya duba sau biyu yana dariya. Aka yi zaɓe Alhaji bai hau ba. Dalilai sun fi goma, amma a Gazawa ba wanda ya san wani dalili sai shinkafar Gidan Bawa. Yaya kuwa ya koma jan amalanken jaki, yana kai wa masu gini tubali. Mutumin da ya san hanyar Damagaram da ta Kano kamar tafin hannunsa, ga shi yana lallashin jaki. Wata rana na hango shi zai karkata lungun kasuwa, sai na ga ya miƙa hannu gefe yana nuna wa na baya, alhali ba kowa bayansa sai akuya. Mutanen da ke wurin aikina suka yi dariya, ni na shige ƙarƙashin mota na daɗe ban fito ba. Uwarku ce kaɗai ba ta raga mini.

"Malam, ka yaudari gari, amma ni na aure ka. Wannan wayon da ake faɗa, a ina kake ajiye shi da ban taɓa cin karo da shi ba?"

Sai ruwan shuka ya sauka. Gonar gandu ba a raba ta ba, kuma ƙasa ba ta jiran masu fushi. Da asuba muka fita mu biyu, shi a gaba da sungumi yana sara, ni a baya ina zuba gero ina rufewa da diddige, yadda muke yi tun muna yara. Ina kallon bayansa, rigarsa ta jiƙe, kafaɗarsa ta rame. Da muka kai ƙarshen wani layi ya juyo zai kama sabo, maganar ta fito mini da kanta.

"Yaya, kuskure ne. Wallahi tallahi kuskure ne. Juya motar aka yi ban lura ba."

Ya dogara da sungumi. "Na sani."

"Ka sani?"

"Ƙulli ɗaya arewa, ƙulli biyu kudu. Tun a mararraba na shiga ƙarƙashinta na gani." Ya share gumi. "Ni na juya ta, Sani. Na zo na iske ka tafi masallaci, na ga in ka koma baya rana za ta dake ka. Na kira mutum huɗu muka tura."

Na ce, "To Yaya, me ya hana ka gaya wa Alhaji?"

"Na gaya masa tun a hanya. Ya ce in kuskure ne, ƙanenka ya faɗa da bakinsa gaban mutane, magana ta wuce. Shi ya sa na tambaye ka."

Ban taɓa jin Yaya ya jera magana mai tsawon wannan ba, kuma bai gama ba.

"Mota ba tawa ba ce, dama wata rana zan bar ta. Amma ka gwammace a ce ka ci amanata da a ce ba ka iya ba. Wannan ne ya hana ni zaure." Ya ɗaga sungumi. "Zuba iri, ƙasa na bushewa."

Na zuba, ina kuka kamar yaro, rabin geron a rami rabi a waje. Da la'asar ko wanka ban yi ba na tafi gidan Alhaji na durƙusa na faɗi komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce wato bai ishe ni ba sai na biyo shi gida in yi masa ba'a, ya sa aka raka ni waje. Na wuce teburin mai shayi na hau benci na rantse da abin da zai kashe ni cewa kuskure ne, na kwatanta musu gabas da yamma da ƙulli da komai. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Telan nan ya ce, "Ku ji shegen wayo, yanzu kuma motocin Alhaji yake so su dawo masa!" Gaskiyar da za ta yi aiki ran Lahadi da safe, da na kawo ta bayan wata huɗu ba wanda ya karɓa, har yau kuwa.

A wannan maraice Yaya ya shigo zaure ya wanke hannu ya zauna gaban akushi. Inna ta leƙo, ta gan mu, ta koma tana faɗan wai an bar mata kaji a waje. Muna cikin ci na ga ɗan yatsansa ya turo naman gefena. Shekara ashirin da ɗoriya muka ƙara a kan akushin nan, amma bai sake riƙe sitiyari ba har ya koma ga Allah, kuma ko sau ɗaya bai tayar mini da maganar ba.

Saboda haka, Mamman, ka daina bugun ƙirji da ni a zaure. In abokanka suna son dariya, ba su labarin mai gyaran wutar da ya iske gindin mota a inda ya bar hancinta ya ce madalla da inuwa, za su yi dariya har su gode maka. In kuma suka tambaye ka wa ya kawo inuwar, ka gaya musu sunansa Hamza.